A Brussels wuri ake rufewa, a Zariya mutum

Daren 16 ga Oktoba 2023 wani ɗan bindiga ya harbe 'yan Suwidin biyu a Brussels, ana dab da take wasan ƙwallo tsakanin Beljiyam da Suwidin. Da aka je hutun rabin lokaci, ci 1 da 1, sai aka dakatar da wasan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da 'yan kallo kusan 35,000. Ba a ce kowa ya yi ta kansa ba. Aka rufe ƙofofin filin, aka sanar da su cewa ciki ya fi waje aminci, suka zauna har wajen sha biyun dare, sannan aka riƙa sallamarsu rukuni-rukuni, 'yan Suwidin da rakiyar 'yan sanda.

Tsarin gargaɗin barazanar hari a nan Beljiyam matakai huɗu ne. Akwai hukumar da aikinta auna barazana, ita ke faɗin matakin da ake, gwamnati kuma ta yanke abin da za a rufe. Mataki na 4 na nufin hari na dab da aukuwa. A Nuwamban 2015, bayan harin Paris, an shiga matakin ranar 21: jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya, makarantu suka rufe Litinin da Talata, aka soke wasanni da taruka, sojoji suka cika tituna. Amma ba a hana kowa fita sayen burodi ba. Ranar 25 yara suka koma aji. Da 'yan sanda suka roƙi a daina wallafa inda suke samame, sai mutane suka cika Twitter da hotunan kyanwoyi. Abin dariya ne, amma ya toshe ƙofar jita-jita.

Mu kuwa a Zariya kun san yadda take. Wani ya ruga da gudu a PZ, kafin ka ce kwabo an ja ƙofofin shaguna har Tudun Wada, saƙon murya na yawo a WhatsApp, iyaye sun nufi makarantu a kan babura. Can sai sanarwa: dokar hana fita ta awa 24, "har sai abin da hali ya yi", kamar yadda aka yi a Agustan 2024. Mai naƙuda da za a kai asibitin Shika fa?

Ba wai nan Brussels ba a kuskure. Ranar 22 ga Maris 2016 bam ya tashi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Maelbeek fiye da awa guda bayan na filin jirgin sama, umarnin tsayar da jiragen bai isa kan lokaci ba, layukan waya kuma suka cushe.

Sai dai ina jin haushi idan aka ce mutanenmu ba su bin doka. Wanda albashinsa zai shigo ƙarshen wata ko ya fita ko bai fita ba, zaman gida bai yi masa wuya. Mai Keke Napep a Kwangila kuwa, cefanen dare na cikin fitar safe. Kuma a kwanakin kulle, a lungunan cikin Birni mai shago kan miƙo mudun gari ta taga, bashi, kwanon tuwo ya tsallaka katanga. A benayen nan Brussels kuwa tsohuwa za ta kwana uku ita kaɗai da talabijin, maƙwabcin da suke haɗa bango bai ma san sunanta ba.