Filin Reluwe na Zariya: kafin a yanka shi a jera shaguna

Makon jiya na ɗauko Baba daga wani ɗaurin aure a Muciya, muna hanyar komawa gida sai ya ce in bi da shi ta tashar jirgi. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana canja wa jirage layi, har ya yi ritaya. Muka ajiye mota muka taka kaɗan. Ya tsaya kan wani layi da ciyawa ta shanye, ya sa sandarsa yana tono har ƙarfen ya bayyana, ya ce mini nan ake jera taragun auduga, can gaba kuma na shanu masu tafiya Ikko. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ka gani ko? Wata rana za ka zo ka tarar da shaguna." Tun ranar maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu tattauna.

Wanda bai san tarihin wurin ba zai ɗauka kango ne kawai. A 1911 layin dogo da aka faro daga garin Baro a bakin kogin Neja ya ratsa Zariya ya isa Kano. Daga nan garin ya zama mararraba. Wani ƙaramin layi ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos don kwaso kuza, ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Wani ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Sabon Gari kansa albarkacin tashar nan ya kafu: Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa, duk ƙarar jirgi ce ta tara su. Kuma kada mu manta da waɗanda suka yi aikin shimfiɗa layin. Talakawa ne aka riƙa ɗebowa daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, da yawansu ba da son ransu ba, suka yi ta jidar ƙasa da kwando a ka. A takarda filin na gwamnatin tarayya ne, ban musa ba. Amma gumin kakanninmu ne a ƙarƙashin kowane ƙarfe, don haka muna da bakin magana a kan abin da za a yi da shi.

Na san abin da wasu za su fara cewa: ai jirgi zai dawo. Allah ya sa, ni ma burina ke nan, ɗan ma'aikacin Reluwe ba zai yi wa jirgi mugun fata ba. Sai dai mu duba yadda abin yake tafiya. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da ake shimfiɗawa yanzu 1,435, jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, Rigasa aka kai tashar, tsohuwar tashar cikin gari tana nan inda take. Ko da tsohon layin ya farfaɗo gobe, ba zai sake buƙatar duk waɗancan rassa da aka yi don taragun gyaɗa da auduga da kuza ba, domin kasuwancin da ya haife su ya riga ya canja hanya. To a bar wa jirgi babban layinsa da tasharsa da wurin gyaransa, a ƙara masa sarari hagu da dama, a katange da kyau saboda yara. Maganata a kan ragowar ce, matattun rassan da rabon su da ganin ƙafar tarago tun ina firamare.

Ragowar nan ita nake tsoro a kanta, domin mun san abin da ke samun fili a garuruwanmu. Yau a ce an ba da haya na ɗan lokaci, gobe ka ga kwantena, jibi ka ga bulo, kafin shekara ta zagayo an yi bene an rubuta suna a goshinsa. Haka filayen ƙwallo suka tafi, haka gefen makarantu ya tafi, haka aka cike kududdufai aka yi gini a kansu, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Shago kuwa idan ya hau fili ya hau ke nan har abada. Ba za a sake samun sarari mai girman wannan a tsakiyar Sabon Gari ba, ko nawa gwamnati ta ware, sai dai ta rushe gidajen bayin Allah.

Abin da nake so a yi da wurin ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Muna da dandali, inda 'yan mata ke gaɗa samari na langa da kokawa a farin wata. Muna da hurumi, filin da gari ke keɓewa a ce ba na kowa ba ne don na kowa da kowa ne, ba mai nomawa ba mai ginawa. Muna da gindin tsamiya da durumi da ceɗiya inda dattawa ke shimfiɗa buzu. Birni ne ya girma ya haɗiye su bai ba mu madadinsu ba. Yaron Sabon Gari a yau a kan kwalta yake buga ƙwallo, yana kauce wa a-daidaita-sahu. Matar aure kuwa, idan ka cire gidan biki da asibiti da kasuwa, ina take da shi da za ta zauna ta sha iska da 'ya'yanta ba tare da an bi ta da ido ba? Ku faɗa mini wuri ɗaya.

Wasu garuruwan sun riga mu gwada wannan, kuma wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Berlin a Jamus, wurin da ake kira Gleisdreieck. Babban filin sauke kayan jirgin ƙasa ne da ya mutu bayan yaƙin duniya na biyu, ya yi shekaru itatuwa na tsirowa a tsakanin layuka. Hukuma ta so ta ratsa babbar hanyar mota ta wajen, mutanen unguwa suka ƙi, suka yi ta fafutuka tun shekarun 1970 har aka fasa. Sai a 2011 aka buɗe ɓangaren gabas a matsayin wurin shaƙatawa, na yamma ya biyo a 2013. Abubuwa uku na riƙe daga labarinsu. Ba su tone tsofaffin layukan duka ba, sun bar wasu a cikin itatuwa don yaro ya san abin da wurin yake a da. Masu ƙananan lambuna da suka tarar a wurin ba a kore su duka ba, an shigar da lambunan cikin tsarin, har da wani lambu da matan da suka gudo daga yaƙin Bosniya suke nomawa. Sannan har yau jirage na wucewa ta wurin, wasu ta kan gada, mutane na zaune a ƙasa, kuma ba a biyan ko kwabo a ƙofa.

Akwai kuma na New York a Amurka, High Line, wani tsohon layin jirgi da ke kan gada, wanda ya fi suna. Jirgi na ƙarshe ya bi ta kansa a 1980, aka buɗe shi a matsayin lambu a 2009. Ya yi kyau, baƙi suka yi ta tururuwa, amma kuɗin haya a unguwar ya yi tashin gwauron zabo, har ɗaya daga cikin mutum biyun da suka faro aikin ya fito daga baya ya amsa cewa ba su yi wa talakawan da ke maƙwabtaka da wurin abin da ya kamata ba. Wannan shi ne ramin da nake so mu kauce masa. Idan gyaran filin Reluwe zai zama sanadin korar mai faci da mai sayar da itace da bakanike, a kawo masu kuɗi su gina otal, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Shi ya sa a ganina kafin a ja layi ɗaya a takarda, a fara zagayawa a ga su wa ke cin abinci a wurin yanzu. Filin da ake kira kango bai taɓa zama babu kowa ba. Akwai samarin da suka share wani gefe suna ƙwallo da la'asar, akwai mai ɗan lambun alayyafo, akwai mai kiwon tumaki, akwai ɗaruruwan masu yanke hanya da ƙafa kullum safiya. Hanyoyin da ƙafafunsu suka fitar su ne taswirar gaskiya, a bi su a gyara su. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sassanta na zanen gine-gine da tsara birane, muna da cibiyar koyar da fasahar sufuri a kan hanyar Basawa. Ɗalibansu kowace shekara suna neman aikin kammala karatu. Me zai hana a ce musu ga fili a ƙofar gidanku, ku zo ku auna, ku zauna da mutane, ku zana?

Idan aka tambaye ni me za a fara sawa, zan ce inuwa. Inuwa kafin fitila mai launi, kafin mutum-mutumi, kafin ƙofa mai ado. Duk wanda ya taka daga unguwar PZ zuwa kasuwa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, ya san darajarta. A dasa dogonyaro don saurin girmansa, amma kada a tsaya a kansa shi kaɗai kamar yadda muka saba. A sa maɗaci da tsamiya da ɗorawa da durumi, waɗanda za su yi shekara ɗari suna tsaye, a sa mangwaro da gwaiba don yara. Wahalar itace ba ranar dashe take ba, ranar nan kowa na zuwa da kyamara. Wahalar tana rani biyu ko uku na farko, lokacin da yake buƙatar ban ruwa da kariya daga awaki, kuma a nan ne yawancin dashen da muke gani ke mutuwa. Duk tsarin da bai faɗi wanda zai ɗauki bokiti a watan Maris ba, da kuma wanda zai biya shi, bai cika ba. Hadisi ya inganta cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Masu hali a garin nan da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe.

Akwai wani abu da ba a cika tunawa da shi ba, wato ƙasar wurin. Shekaru aru-aru tana shan baƙin mai da tokar kwal da maganin da ake jiƙa katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen layi da shi. Kafin a ce wa kowa ya shuka latas ko albasa, a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji. Inda ta gurɓace a sa itatuwan inuwa da filin wasa da aka rufe da sabuwar ƙasa, lambun ci kuma a kai shi inda aka tabbatar da lafiyarsa. Inda ruwa ke kwanciya da damina kada a cike shi, a zurfafa shi a kewaye, ya riƙa shanye ruwan da zai shiga unguwa.

Sai kayan tarihi. A Ebute Metta ta Legas akwai wani gidan Reluwe da aka gina a 1898, Jaekel House, aka gyara shi a 2010 ya zama ɗan gidan tarihi, 'yan makaranta na zuwa kallo. Mu ma a tsame tarago biyu ko uku da kan jirgi ɗaya kafin 'yan gwangwan su gama da su, a yi musu fenti. Ɗaya ya zama ɗakin karatu, ɗaya a rataye hotuna. Irin su Baba da suka rage a raye a ba su kujera a gindin itace su riƙa ba yara labari, don kowace shekara raguwa suke yi.

Wani zai ce mutane na fama da abin kai wa baka kana maganar wurin shan iska. Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma mai shayi da mai ƙosai da mai tsire da mai rainon dashe da mai gadi, duk sana'a za su samu a wurin, kuma ɗan abin da za su riƙa biya na rumfa shi zai ɗauki nauyin ban ruwa da shara. Wani kuma zai ce wurin zai zama matattarar 'yan shaye-shaye. Ai duhu da ciyawa da rashin jama'a ke tara su, kuma su ne ake da su yanzu. A sa fitila mai aiki da hasken rana, a yi bayan gida mai tsafta da wurin alwala, a keɓe wani sashe na mata da ƙananan yara, ka ga ko za su zauna.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne kuɗin shiga. Da zarar an kafa mai yankar tikiti a ƙofa, an kori almajiri, an kori ɗan dako da ke son ya miƙe bayansa na rabin awa, an kori uwa mai 'ya'ya shida. A rubuta a yarjejeniyar da za a yi da masu filin cewa shiga kyauta ne, kuma ba za a taɓa yanka shi a sayar ba. Kwamitin kula da shi ya ƙunshi masu unguwanni da limamai da fastoci da mata da tsofaffin ma'aikatan Reluwe, domin Sabon Gari na kowa ne tun kafuwarsa, kuma yaran da suka tashi suna ƙwallo a fili ɗaya ba su cika ɗaukar makami a kan juna ba.

Tun 2023 aka gyara tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta zama jihohi ma suna da hannu a ciki, don haka 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya da shugaban ƙaramar hukuma duk suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Abu na farko da za mu nema a wurinsu ƙarami ne: a fito da taswirar filin a manna inda kowa zai gani, a nuna abin da jirgi ke buƙata, da abin da aka riga aka ba da haya, da abin da ya rage. Ni da wasu abokai mun fara tattara tsofaffin hotunan tashar da sunayen dattawan da suka yi aiki a cikinta. Wanda ke da hoto a gidansu, ko mahaifinsa ya yi Reluwe a Zariya kuma yana da ƙarfin magana, ya yi mini saƙo, ranar Asabar bayan la'asar za mu fara zagayawa gida-gida, kuma da Baba za mu fara.