Ɗan Ƙasa Nagari

Shekara shida na yi ina acaɓa a Kano kafin a hana sana'ar a farkon 2013. Na sha ɗaukar buhun shinkafa biyu da mai buhun daga kasuwar Singa zuwa Kurna. Na ratsa cunkoson Kantin Kwari ranar jajibirin salla, ko madubin wani ban goga ba. Da na koma tsaron shago ma, babur bai rabu da ni ba. Saboda haka ranar da Kawu ya ce sai na koyi hawan babur kafin in fara zirga-zirga zuwa gonar riɗin da muka gada a bayan Maigatari, dariya na yi har da riƙe ciki.

Na ce, "Haba Kawu, ni za a koya wa babur? Ai sai dai in koyar."

Bai tanka ba. Ya gama tauna goronsa, ya shiga zaure, ya yaye wani tsohon tamfol. Sai ga wata Yamaha DT 125 tun ta zamanin da yake aikin malamin gona, lokacin da irinta ce ke kai su ƙauyukan da mota ba ta shiga. Doguwa kamar raƙumi. Tayar gaba inci 21, siririya, duk jikinta haƙora. Murfin tayar kuwa yana can sama, kamar sun yi faɗa ba sa ga maciji. Daga bakin kwalta zuwa gonarmu yashi ne zalla, irin wanda ya sa aka raɗa wa jihar suna Jigawa. Makon da ya gabata na gwada shiga da ɗan babur ɗina na birni, rabin tafiyar shi ya ɗauke ni, rabi ni na ɗauke shi.

Ni dai Allah bai hore mini tsawo ba. In na tsaya a sahu tsakanin samari biyu, mai gyaran sahu yakan zaci gurbi ne. Na taka dakali na haye, na buga kik sau uku, a na huɗu ya dawo ya daki ƙaurina har sai da na ga taurari da rana tsaka. A na biyar ta tashi, da kuka irin na injin markaɗe da hayaƙi shuɗi, don irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur. Na ɗaga wa Kawu hannu irin na ƙwararru. Babur ɗin ta ɗan karkata hagu, na miƙa ƙafa in dafa ƙasa, ƙafar ta laluba, ta sake lalubawa, ba ta samu komai ba sai iska. Muka tafi a hankali, ni da ita, kamar bangon da damina ta jiƙa.

Ko taku ɗaya ba mu yi ba.

Kawu ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya tsinci tsakuwa ɗaya ya jefa ciki. Ƙwal.

"Na mene ne wannan, Kawu?"

"Lissafi. Ran da ya cika, ka iya."

Da la'asar ya kai ni wata gona da aka girbe gero. Kafin komai ya tsuguna ya danna bawul, iska ta yi ta fita daga tayoyin. Mai facin bakin tasha ya dura mini 28, Kawu ya sauke ta zuwa wajen 15. Ya ce taya mai tauri yanka yashi take yi ta nutse, mai laushi kuwa shimfiɗuwa take kamar tafin raƙumi. Amma kada a zarce, in ta yi laushi da yawa sai ta zame a kan ƙarfe ta tsinke bakin tiyub. Daga nan ya jero mini dokokinsa, kowace kamar an zauna an tsara ta don ta ci mutuncin abin da na sani. In ka ga yashi mai zurfi, ƙara wuta. Birkin gaba, ka ɗauka ba a yi shi ba. Kada ka ƙanƙame kan babur, gwiwa ce ke riƙe tanki, hannu rakiya yake yi. Ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ka ja nauyinka baya. Kuma ka ɗaga ido ka dubi can inda za ka, ba inda tayar take ba.

A raina na ce tsufa ya fara taɓa Kawu. Mutum ya ga haɗari ya ƙara wuta? A Kano idon ɗan acaɓa yana kan bayan motar da ke gabansa, yatsunsa biyu kuma a kan birki suke kwana. Da haka muka rayu.

Na shiga gonar a zaune daram, na sanƙare hannuwa kamar mai riƙe da ƙahon sa. Tayar gaba ta fara rawa. Na saki totur, sai gaban ya nutse, na cafki birki, sai ga ni a ƙasa da yashi a baki. Ƙwal. Na sake. Ƙwal. Kafin magariba tsakuwa tara, ga ƙarangiya ta yi wa wandona ado tun daga ƙugu har idon sawu. Yaran unguwa kuwa, waɗanda ban san inda suke samun labari ba, sun jeru a kan kunya suna ƙirgawa da ƙarfi. A nan ne wani mai wayon tsiya ya ce, "Wannan Baban birnin ai ɗan ƙasa ne." Washegari malaminsu na firamare ya ji, ya ƙara da "nagari". Sunan ya zauna. Har mai shayi da shi yake gaishe ni.

Rana ta uku ce ranar aduwa.

Filin ya kai girman filin ƙwallo huɗu, fetal, babu komai a cikinsa sai bishiyar aduwa guda ɗaya tak a tsakiya, an jibge rassan ƙaya a gindinta za a yi shinge. Ran nan na ɗan fara jin daɗin kaina, har na sa giya ta biyu. Kawu ya ɗaga murya daga baya: "Ɗan nan, kada ka kalli aduwar!"

To jama'a, in an ce da mutum kada ya kalli abu, me zai kalla? Kafin ya yi magana ban ma san da ita ba. Na dube ta. Na ce wa kaina, dama zan bi. Idona yana kanta. Na ce, to hagu. Idona yana kanta. Ita ma kamar ta tsura mini nata, tana kirana. Sai tsoro ya sa hannuna ya murɗe totur ba da izinina ba, injin kuma halinsa ke nan, a ƙasa barci yake kamar jakin da ya ƙoshi, amma da ya kai wani gaci sai ya zabura kamar an tsikare shi. Fili ta gabas, fili ta yamma, ni kuwa na miƙe sak kamar an ja zare. Babur ɗin ta tsaya a jikin bishiyar, ni na ci gaba da tafiya kaɗan, na juya a sama, na sauka a zaune a kan rassan.

Wanda bai san ƙayar aduwa ba, ya gode wa Allah. Doguwa ce, kore, mai taurin ƙusa. Allah ya sa da hular kwano a kaina, sai dai ba kan ne ya sauka ba.

Kawu ya iso yana tafiyarsa ta ƙasaita. Ya fara duba babur ɗin, ya murza kanta ya daidaita, sannan ya waiwayo ni. Ina nan a kife ina salati, shi kuwa ya samu inuwa ya zauna ya buɗe labari. Wai a hamadar Tenere ta Nijar, gabas da Agadas, an yi wata bishiyar ƙaya da ke tsaye ita kaɗai, sai an yi tafiya mai nisan gaske kafin a ga wata. Ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma da ita suke gane hanya, har a taswira an sa ta. A 1973 wani direban babbar mota ya zo ya banke ta. Yanzu gawarta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

"Ka ga shi duk Sahara aka ba shi," in ji Kawu, "kai gona ɗaya ce. Kada ka ji kunya, kana da magabata."

Ƙwal.

Ƙaya huɗu ma'aikacin asibitin garin ya zaro, duk a ɓangare ɗaya. Ya ƙara mini da allura a ɗaya ɓangaren, wai kada wani ya yi wa wani gori. Da dare uwargida ta kira daga Kano tana tambayar yadda gona take. Na ce lafiya lau, sai dai aiki ya yi yawa, ko zama ba na samu. Ban yi ƙarya ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tsoro ya shige ni na gaske. In na ji wani ya buga kik a waje, sai gabana ya faɗi. Kwana biyu a amalanken shanu na je gona, a kwance rub da ciki a kan buhuna, ina cewa mai amalanken ciwon baya ne. Na fara lissafin sayar da kasona na gonar in koma shagona, inda bishiya ba ta bin mutum.

Kawu bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce in yi ta maza ba. Bayan sallar asuba ya tashe ni, muka tura babur ɗin zuwa wani fako a bayan gari, ƙasa mai tauri, ba yashi ba 'yan kallo. Ya ce in kwantar da ita da gangan. Na kwantar. Ya ce in juya mata baya, in tsuguna, in kama kai da gindin sirdi, in ɗaga da ƙafafu ba da ƙugu ba. Sau goma. A na goma faɗuwar babur ta daina zama mini tashin alƙiyama, ta koma kamar faɗuwar buta. Sannan ya ajiye duwatsu biyu, ya ce in riƙa zagaya su a giya ta ɗaya, da saurin mai tafiya masallaci, ina wasa da kuloci.

Na ce, "Kawu, ai ba na iya zama."

Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. "Alhamdu lillahi. Kwana uku ina roƙonka ka tashi tsaye ka ƙi. Ashe aduwa ta fi ni iya koyarwa."

Haka na yi asuba biyar a tsaye, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana matse da tanki. Abin mamaki, in kana tsaye babur na iya yin rawarta a ƙarƙashinka, ta karkaɗa gaba ta karkaɗa baya kamar tarwaɗa, kai kuwa kana sama ba ruwanka. A zaune, duk motsin da ta yi da kai take yi. Daga fako muka koma inda yashi bai wuce idon sawu ba, daga nan zuwa wanda ya ɗan fi. Gwangwani ya ci gaba da samun rabonsa, amma daga tara a yini ya koma biyu. Kawu ya ce a shekarun 1980 ya ga Turawan tseren Faris zuwa Dakar a Agadas da idonsa, kowannensu a tsaye kamar mai leƙen katanga, kuma su ma da ƙura a bakinsu suke isowa.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ina shan koko yaron gona ya kira. Wai ga wani mai sayen riɗi ya zo da a-kori-kura da kuɗi a hannu, farashinsa ya fi na kasuwa, amma ya ce in ban iso ba kafin ya gama ɗaure kayan maƙwabcinmu, zai wuce. Mai amalanke ya tafi kasuwa. Kawu ya miƙo mini makulli da hular kwano, bai ce uffan ba.

Ban san lokacin da na bar gari ba. Da na hau tudun farko sai na hango motar can nesa, ɗan ɗigo fari a bakin gonarmu, na kafa mata ido kamar yadda na kafa wa aduwa. Ga kwarin yashin nan da ya sha cinye ni, na sa giya ta uku, na ja jiki baya, na murɗa. Gaban ya yi sauƙi, ya hau kan yashin yana shawagi kamar kwalekwale. Kan yana rawa a hannuna, na bar shi ya yi abinsa. Na wuce wani mai jaki, na wuce mata masu ɗauke da itace, har na ji wata tana cewa, "Lale, ba Ɗan Ƙasa ba ne wancan?" Aduwar ma na wuce ta, sai daga baya aka gaya mini, don ni ban gan ta ba. Wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, har na kama kaina ina yi wa kaina kirari a cikin hular kwano.

Na iso gaban motar da ƙura a bayana. Ga mai saye da babbar riga, ga dillali, ga leburori, ga yaran nan da suka riga ni zuwa ta wata hanyar da su kaɗai suka sani. Na taka birkin baya a hankali, na kama kuloci, na tsaya cak, tsayuwar da ko a Agadas sai an tafa. Na miƙa ƙafar hagu.

Ta laluba. Ta sake lalubawa.

Duk asubar nan biyar a gefen dutse nake tsayawa, ba wanda ya tuna ya ƙara mini tsawo.

Mai sayen ya dubi dillali ya ce, "Ina mai gonar?"

Yara suka haɗa baki: "Ga shi nan a ƙasa!"

A nan kwance muka yi sallama, a nan ya taya, na ce albarka, ya ƙara, don babur ɗin tana kan ƙafata kuma kowa ya shagala da ciniki. Sai da muka shirya a kan buhu goma sha biyu sannan dillali ya tuna ya ɗaga ta.

Da na koma gida da yamma na tarar labari ya riga ni. Kawu yana kan tabarma da gwangwaninsa. Ya jefa tsakuwa, ya girgiza shi kusa da kunne, ya leƙa ciki.

"Saura rabi," ya ce. "Gobe da asuba ka zo da tsohon wando."