Ƙanina mai neman aikin kwamfuta, kafin ka sa hannu a takardar nan

Assalamu alaikum warahmatullah.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i ina laluben takalmina a ƙofar masallaci wani yaron layinmu ya tare ni, ya ce Yaya dan Allah minti biyu. Yaron kirki ne wallahi, ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya gama bautar ƙasa, wata bakwai kenan yana zaune yana ta tura takardu ko'ina shiru. Ya buɗe waya ya nuna min takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani nan cikin Kano. Aikin shi ne irin wanda kusan dukkanmu masu sana'ar kwamfuta muka fara da shi, kwamfutar wani ta ƙi tashi a kira ka, firinta ta cinye takarda a kira ka, netwok ya ɗauke a kira ka, hajiyar akawu ta manta kalmar sirrinta karo na uku a sati ɗaya a kira ka. Albashin da kaɗan ya ɗara alawus ɗin dubu 77 da ya saba karɓa a bautar ƙasa. Sai kuma sharaɗi a shafi na biyu, za su biya masa kuɗin jarrabawar CCNA, wato ta satifiket ɗin ƙwarewa a harkar netwok, amma sai ya yi musu shekara biyu, in ya tafi kafin nan ya dawo musu da kuɗinsu.

Shi kuma burinsa ɓangaren tsaron intanet ne. Ya ce min "Yaya ni dai sa hannu kawai zan yi, in satifiket ɗin ya shigo hannu na ɗan goge wata shida in kashe layi in yi gaba, ai tsani ne."

Toh wannan maganar ce ta hana ni barci da wuri, shi ya sa nake rubutun nan don na san ba shi kaɗai ba ne, yanzu yara sun yi yawa a fannin, ga 'yan jami'a ga 'yan 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ga waɗanda suka koya da kansu a YouTube, kowa na neman ƙofar shiga.

Ni ban ga laifi ba a mutum ya karɓi aiki yana sane ba nan zai dawwama ba. Kuma kar ka raina ƙaramin aiki dan Allah. Ya zo a Bukhari Manzon Allah (SAW) ya ce babu Annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, sahabbai suka ce har kai? ya ce eh, na kasance ina kiwonsu ga mutanen Makka a kan 'yan ƙiraɗai. Fiyayyen halitta kenan, toh waye kai da za ka ce durƙusawa ƙarƙashin tebur kana bin kebul ya yi maka ƙasƙanci. A ƙarƙashin teburin nan ne za ka koyi abin da aji bai koya maka ba. Ranar da ka duba kwamfuta ka ga adireshinta na netwok ya fara da 169.254 ka gane nan take ba ta samu adireshi daga DHCP ba, wato tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, ba sai ka yi awa biyu kana cire manhaja kana mayarwa ba, ranar da ka gane netwok ɗin sito yana yankewa ne saboda an ja kebul ya wuce mita 100, ranar da oga ya tsaya a kanka yana faɗa kai kuma ka haɗiye ka gyara ka ce masa ranka ya daɗe an gama, wallahi duk wannan ilmi ne kuma mai tsaron intanet ɗin da bai san yadda netwok ke tafiya ba me zai tsare?

Abin da ya tsaya min a rai shi ne "in kashe layi". Nan ne shaiɗan ya shigo.

Ka koma Suratul Ƙasas ka karanta daga aya ta 23 zuwa ta 29 a nutse. Annabi Musa (AS) ya iso Madyana ba shi da komai, ya shayar da dabbobin 'yan mata biyu ya koma inuwa ya ce Ubangijina ni mabuƙaci ne ga duk alherin da ka saukar min. Sai ga aiki ya zo daga mahaifin 'yan matan, aikin ƙwadago, kuma aka faɗi sharaɗi ƙarara tun kafin a fara, shekara 8, in ka cika 10 daga gare ka ne. Ya ce wannan tsakanina da kai ne, duk wa'adin da na cika a cikin biyun babu ƙetare haddi a kaina, Allah ne wakili a kan abin da muke faɗa. Kaga shi ma bai karɓa a makance ba, sai da ya tabbatar da iyakar abin da ya ɗauka. Madyana ba ita ce ƙarshen tafiyarsa ba, abin da ke gabansa ya fi kiwo nesa ba kusa ba, amma bai tafi ba sai da ya cika wa'adi, kuma da aka tambayi Ibn Abbas wanne ya cika ya ce mafi yawan kuma mafi kyawun. Allah ya ce a farkon Ma'ida ya ku waɗanda suka yi imani ku cika alƙawura, a Isra'i aya ta 34 ya ce alƙawari abin tambaya ne. Sa hannun nan da kake gani kamar zane ne da biro, alƙawari ne, kuma in ka sa shi da niyyar karyawa tun ranar farko yaudara ka ƙulla, kuɗin jarrabawar kuma bashi ne a wuyanka ko sun bi ka ko ba su bi ka ba.

In shekara biyun ta yi maka yawa ai baki gare ka. Ka koma ka ce yallaɓai a mayar da ita shekara ɗaya, ko ku bar kuɗin jarrabawar zan tara in biya da kaina a cire sharaɗin. In kuma ka sa hannu daga baya Allah ya buɗe wata ƙofar, takardar da kanta ta ba ka hanya, ka ba da sanarwa kamar yadda aka rubuta, ka biya abin da aka ce, ka zauna ka rubuta wa wanda zai gaje ka komai, kalmomin sirrin rauta, na'urar raba intanet, da na kyamarori, wane kebul ne ya tafi wane ofis. Na taɓa gadar wajen da wanda ya bari ya tafi da komai a kansa kuma ya daina ɗaga waya, kwana huɗu ma'aikata kusan ashirin ba su yi aikin kirki ba, wannan haƙƙin mutane ne ba wayo ba ne.

Sannan a ayoyin nan dai ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce wa babanta mafi alherin wanda za ka ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. A sana'armu ƙarfi shi ne iya aiki, amana kuwa ita ce jarrabawar gaske, don tun satin farko za a miƙa maka makullin da ko manaja ba shi da shi. Za ka iya buɗe imel ɗin kowa, za ka ga fayil ɗin albashi, za a ba ka laftof ɗin matar aure ka gyara, hotunan gidanta suna ciki, kai kaɗai a ɗaki ba mai ganinka. Eh akwai dokar kare bayanai ta 2023 a Najeriya, amma dokar ba ta cikin ɗakin nan da kai, Allah ne ke ganin inda linzamin kwamfutar ya nufa. Wanda ya ɗauki waje a matsayin wajen wucewa shi ne ya fi saurin sakaci da wannan, yana cewa ai ba daɗewa zan yi ba.

Ban ce kuma duk aikin da aka miƙo ka rungume ba. Ka tambaya, akwai wanda ya fi ka sani a wajen da za ka koya a hannunsa ko kai kaɗai za a jibga wa komai har da tayar da janareta? Ka nemi wani ma'aikacinsu a gefe ka ji ana biyan albashi a kan lokaci. Ka lissafa kuɗin adaidaita na wata da abincin rana ka ga me zai rage. Ka ji batun sallah, musamman Juma'a, tun yanzu ba sai ka shiga ba. Ka san da me kamfanin ke cin abinci, in caca ce ko bashi da ruwa toh ko nawa ne albashin ka bar shi, kai ne za ka riƙa tayar musu da na'urar in ta faɗi. Ku kuma iyayenmu masu kamfanoni ku ji tsoron Allah da yaran nan, a hadisi ƙudusi Allah ya ce shi ne abokin husumar mutum uku ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa bai ba shi ladansa ba.

In ka gama bincike ka shawarci iyayenka da wanda ya riga ka a fannin sai ka yi istihara. Jabir (RA) ya ce Annabi (SAW) yana koya musu ita a dukkan lamura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ba ta farilla ba sai addu'ar, kai da kanka, ba sai ka ba wani ya yi maka ba kuma ba sharaɗi ne sai ka yi mafarki ba, ka yi ka nufi abin da ya fi kwanta maka, in alheri ne Allah ya sauƙaƙe in ba haka ba ya juyar da kai.

Yaron ya yi shiru ya mayar da wayar aljihu, ya ce ran Litinin zai koma ya roƙe su a rage zuwa shekara ɗaya, in sun ƙi zai yi lissafi ya ga ko zai iya cika biyun. Dan Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, mahaifinsa ya rasu kuma shi ne babba a gidan.