Ta Kare Fuskarta Daga Hannuna

Jiya wallahi bacci ƙaurace min ya yi. 'Yata ce, shekararta uku da 'yan watanni, ta kifar min da man gyaɗa a kicin, kusan rabin kwalba, ga tsadar da mai ya yi yanzu, ban san sanda na fizgo wayar caja na zuba mata ba, har da "jaka kawai mara jin magana". Ta yi kukanta ta gaji. Bayan magariba na kai hannu zan gyara mata ɗankwali, kawai sai yarinya ta runtse ido ta kare fuska da hannu biyu. Ni fa, ni da na haife ta.

Iyaye mata 'yan'uwana, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin dukan nan ba tarbiyya muke yi ba, haushinmu muke hucewa. Maigida ya ɓata miki rai, kuɗin cefane bai kai ba, an ɗauke wuta ga zafi, sai yaron da ko wando bai iya sa wa kansa ba ya sha rankwashi da mintsini da silifas. Ku ma iyaye maza da ku nake, masu shigowa gida yara su yi tsit kamar ruwa ya cinye su, kuna ganin kwarjini ne.

A 2024 UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan miliyan 400 a duniya, 6 cikin 10 kenan, duka ko tsawa da zagi ne horonsu a gida. Ashe 'yata na cikin lissafin, kuma ni na saka ta.

Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To tanƙwarawa aka ce, an ce a karya? Sallah ma, sallah guda, tun shekara bakwai ake umarni ana lallashi, sai a goma aka ambaci duka. Mu kuwa ɗan shekara biyu muke tsula wa bulala kan fitsarin kwance. Anas ɗan Malik ya yi shekara goma yana wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ko sau ɗaya Annabi bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba.

Bakin nan namu ma ya fi bulalar ciwo. Shege, ɗan iska, Allah ya tsine maka, alhali an hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki kar ya dace da lokacin amsa addu'a.

Da na durƙusa na miƙa mata tsumma mun goge tare, na nuna mata ba a taɓawa, na maida kwalbar sama inda tun farko ya kamata in ajiye ta, me zai ragu a jikina?

Don Allah in ran ya ɓaci ki yi a'uziyya, ki zauna, ki bar wajen ma in ta kama. Don Allah ki ajiye wayar cajar nan. Ku sa ni a addu'a, yau da safe ma sai da ta ɗan ja baya kafin ta zo na ɗauke ta.