Tsohuwar motar tsere a kan titi: a fara da birki kafin inji

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka. Mutum zai ci karo da motar tsere ta shekarun 1960 a yashe a bayan wani gareji ko cikin rumbun gona, ƙura ta lulluɓe ta, sunan tsohon direbanta na nan a jikin ƙofa, fenti duk ya koɗe. Ya saya, ya jawo ta gida. To daga nan sai me? Wasu su ce a mayar da ita daidai yadda take ranar tserenta na ƙarshe, a ajiye ana kallo. Wasu su ce a gyara ta, a yi mata lamba, ta hau titi. Ni ina tare da na biyun a kan yawancin waɗannan motoci, amma da sharaɗi mai nauyi: duk inda tarihin motar ya ci karo da lafiyar sauran masu bin hanya, tarihi ne zai kauce.

Tseren da ake magana, wanda suke kira dirag, ba shi da kwana ko ɗaya. Motoci biyu ne ke tsayawa gefe da gefe, fitila ta ba su hannu, su miƙe mita 402, wato rubu'in mil, shi ke nan. Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar da ke shirya wannan tsere a Amurka, a 1951, kuma babban dalilinsa shi ne a janye samarin Kalifoniya daga yin tsere a titunan gari, a kai su filin da aka killace, inda ake duba mota kafin ta shiga. Duk mai son dawo da motar irin wannan fili cikin jama'a ya kamata ya riƙe wannan asali a ransa.

Motar da aka ƙera don daƙiƙa goma sha wani abu, an cire mata duk abin da ba ya ƙara gudu. Dubi Dodge Dart mai injin Hemi ta 1968, wadda kamfanin Hurst ya harhaɗa wa Chrysler kusan guda 80. An cusa inji mai lita 7 a jikin ƙaramar mota. Babu kujerar baya, babu rediyo, babu na'urar ɗumama ciki. Kujerun gaba na wata ƙaramar motar kaya ne, an ɗauko su don rashin nauyi. Ƙofofin an tsoma su a ruwan asid don ƙarfen ya sirance. Gilashin ƙofa kuwa ba shi da marfin murzawa, da ɗan maɗauri ake jawo shi sama a maƙale. Batir yana can cikin but don nauyi ya danne tayoyin baya. Kamfanin da kansa ya manna mata takarda cewa ba a ƙera ta don titunan jama'a ba, kuma ya sayar da ita babu garanti. Ford ma ta yi irin wannan a 1964 da Fairlane Thunderbolt, guda 100.

Dokin sukuwa ne, an yi masa horon zabura ɗaya. Idan ka ɗaura masa sirdi za ka shiga kasuwa da shi, sai ka san me kake yi.

Zafi ne ke fara kayar da irin wannan mota a gari. A fili ana tayar da ita, ta yi gudu, a kashe, ta huce. Saboda haka lagiretonta ƙarami ne, wasu ma an cike ramukan ruwan da ke cikin injin da wani abu mai kama da siminti don bangon silinda ya ƙara ƙarfi. Sa ta cikin cunkoso na minti ashirin ka ga tururi. Da yawa ba su da abin cajin batir, domin yana cin ɗan ƙarfin inji. Sai batun mai. Injin Hemi na tsere yana matse iska da fetur ninki 12.5, kuma an yi shi a zamanin fetur mai dalma, wanda Amurka ta haramta wa motocin titi tun 1 ga Janairun 1996. Ba shi fetur ɗin gidan mai na yau, zai riƙa ƙwanƙwasa har ya huda fistin, mazaunin bawul kuma ya riƙa cinyewa idan ba a sa masa mai tauri ba. Fetur ɗin yau da ake gauraya wa etanol yana narkar da tsofaffin tiyo na roba, kuma tiyon mai da ya tsage a kan inji mai zafi gobara ce. Giyar aksil ɗin baya, irin 4.88 da aka sa wa waccan Dart, tana sa inji ya riƙa juyi kusan 3,500 a minti ɗaya alhali kilomita 100 kawai kake yi a awa. Motar zamani tana wannan gudu a wajen 2,000.

Duk waɗannan matsalolin mai mota ne. Idan ya ƙi gyara su, shi zai kwana a gefen hanya yana jiran janwe, aljihunsa ne zai ji jiki. Abin da ya fi damuna shi ne kashi na biyu, wanda yake shafar mutanen da ba su sayi motar ba, ba a kuma tambaye su ba.

Birki ne a gaba. Willys ta 1941 ko Chevrolet ta 1955 da birkin ganga suka fito a ƙafa huɗu, kuma layin man birki ɗaya ne tal. Tiyo guda ya fashe, feda ta tafi ƙasa, babu abin da ya rage. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta layi biyu, yadda idan ɗaya ya mutu ɗaya zai riƙe. A filin tsere akwai doguwar hanya bayan layin ƙarshe da aka tanada don tsayawa, babu yaro mai tsallakawa, babu mai keke. A titi kuwa tsayawar gaggawa ita ce jarrabawar kullum. Mutumin da zai kashe dubban daloli a kan kafireto biyu masu ƙyalli, ya bar birkin 1941 saboda wai shi ne na asali, ya fifita ƙarfe a kan rai, kuma ban ga uzurinsa ba.

Sai aksil ɗin baya. Idan mota ta shiga kwana, tayar waje tana buƙatar juyi fiye da ta ciki. Masu dirag sukan kulle su biyun wuri ɗaya, wasu da walda, don su tura tare. A miƙaƙƙen layi abin yana da kyau. A shataletale kuwa, motar za ta riƙa ja tana tsalle, idan kuma an yi ruwa bayanta ya kubce ba sallama. Haɗa wannan da tayoyin baya masu faɗi marasa zane, waɗanda ba su da hanyar fitar da ruwa, da kuma 'yan siraran tayoyin gaba da ba a yi su don riƙe kwana ko birki ba. Wasu motocin an ɗaga gabansu sama ƙwarai don nauyi ya koma baya lokacin tashi, abin da ke sa sitiyari rawa a babbar hanya.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: kejin ƙarfe da ake waldawa a cikin motar. Yana ceton direban da ke sanye da hular kwano, an ɗaure shi tamau a kujera. Amma ga wanda ya fito da kai tsirara zai je sayen burodi, wannan bututun ƙarfe da ke kusa da kunnensa shi ne abin da zai fasa masa kai a ɗan ƙaramin karo. Dole a naɗe shi da abin kariya na gaske, a sa kujera mai madogarar kai, kuma kada a ɗauki fasinja a baya.

Masu cewa a bar mota yadda take suna da hujja, kuma ina girmama ta. Motar tsere shaida ce ta zamaninta. Ramin da wani makanike ya huda a 1965 don rage nauyi, da waldar da ya yi cikin dare kafin gasa, duk labari ne. Idan ka goge su, ba za su dawo ba. Game da motocin da aka ƙera 'yan kaɗan, irin Thunderbolt da Dart ɗin Hemi, ko motar da wani shahararren direba kamar Ronnie Sox ko Dick Landy ya tuƙa, na yarda da su ɗari bisa ɗari. A bar su. Suna da wurin zuwa, domin akwai gasannin tsofaffin motoci, kuma har yau Dart da 'yar'uwarta Plymouth Barracuda na 1968 suna karawa da juna a babbar gasar dirag ta Indiyanafolis.

To amma motoci nawa ne haka? Yawancin abin da ake tonowa daga rumbuna motocin talakawa ne, na rukunin da ake kira "gasser" da Turanci, wato waɗanda ke shan fetur na yau da kullum. A shekarun 1950 dokar NHRA ta wannan rukuni ta buƙaci mota ta kasance da kayan titi, fitilu da waifa da sauransu, domin da yawa daga masu su da ita suke zuwa aiki ranar Litinin bayan sun yi tsere ranar Lahadi. Daga baya aka sassauta dokar, motocin suka rikiɗe suka zama na fili zalla, irin Willys ɗin nan ta Stone, Woods da Cook. (Wannan tawaga ta cancanci a tuna da ita: Stone da Woods baƙaƙen fata ne, direbansu Doug Cook farar fata, a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka.) Saboda haka mayar da irin wannan mota titi komawa gida ne. Ban da haka, motar tsere ba ta taɓa zama a kama ɗaya ba, kowace shekara ana sauya mata inji ko giya ko fenti. Wace shekara ce ta asali? Kuma kowane makanike ya san motar da aka ajiye ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa: robobi su bushe, mai ya daskare a kafireto, tsatsa ta kama silinda.

Cewa abin yana yiwuwa, an riga an nuna. Tun 2005 mujallar Hot Rod take shirya gasar Drag Week, inda mota za ta yi tsere kwana biyar, kuma ta kai kanta daga fili zuwa fili a kan titin jama'a, tafiyar kusan kilomita 1,600, ba tare da motar rakiya ba. A 2019 Tom Bailey ya gama mita 402 cikin daƙiƙa 5.998 da motarsa mai lamba. Kada dai wannan ya ruɗi kowa, tasa sabuwar ƙira ce da ta ci kuɗi masu yawa. Abin koyi shi ne tsarinsu: idan an gama tsere sai su sauya taya, su koma man titi, su rage wa inji zafin rai, su jawo 'yar tirela da kayan fili a ciki. Ko Chrysler, da ta tashi sayar da Hemi ga masu hawan titi a 1966, sai da ta sauke matsin daga 12.5 zuwa 10.25.

Hanyar da nake ganin ta daidaita ɓangarorin biyu ita ce a yi gyara da sifana, a guji abin yanka da walda gwargwadon iko. A sa birkin faifai a gaba da layin mai biyu, a sa aksil mai barin tayoyi su bambanta a kwana, da taya mai zane, da babban lagireto da fanka, da sabon wayarin mai fis, da salansa don maƙwabta su yi barci. Duk abin da aka kwance a ɗauki hotonsa, a rubuta masa suna, a ajiye. Idan injin tseren yana da tarihi, a sauke shi a adana, a sa wani mai sauƙin hali. Wanda ya gaji motar gobe, idan ya so, sai ya mayar da ita yadda take.

Takardu ma ba abin rainawa ba ne, kuma gara a fara da su kafin a sayi ko noti ɗaya. Motocin tsere da yawa sun yi ta sauya hannu babu takardar mallaka, wasu an yanke wurin da lambar jikinsu take. Kalifoniya ta yafe wa motocin 1975 zuwa ƙasa gwajin hayaƙi, Birtaniya kuma tana yafe gwajin shekara-shekara ga motar da ta haura shekara 40, sai dai idan an yi mata babban sauyi a shekaru 30 da suka wuce. Yafewar nan sauƙi ne ga mai mota, ba shaidar cewa motar lafiyarta ƙalau ba. Tunda hukuma ba za ta duba ba, shi ne zai kai ta wurin wanda ya san aiki ya duba birki da sitiyari da layin mai, sannan ya gaya wa kamfanin inshora gaskiyar abin da ke ƙarƙashin bonet, domin inshorar da aka saya da ɓoye gaskiya takan ƙi biya ranar da aka yi haɗari.