Lomar da ka sa a bakin matarka

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Wanda ya taɓa kwana a ƙofar ɗakin haihuwa ya san maganar da ke tsinka hanjin namiji. Ungozoma ta leƙo ta ce, "Ina mai ita? A nemo jini." Nan take maigida zai rikice, ya kira ƙannensa da abokan fada, wani ya haye kabu-kabu ya tafi tada mutane daga barci, wani ya fara cinikin rago a waya. A wannan daren ko jaka ɗari aka ce ya kawo, sai ya nemo ta. Alhali wata tara cur, ko ƙwai biyu bai taɓa shigowa da su gida ya ce nata ne ba.

Ƴan uwana magidanta, da ku nake, da ni kaina. Ku buɗe Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6. Allah Maɗaukakin Sarki yana maganar matan da aka saka, sai ya ce in suna da ciki a ciyar da su har su haife abin da ke cikinsu. Wadda ka saka ke nan, wadda wataƙila ko sallamarta ba ka son ji. To ina ga wadda ke ɗakinka, tana maka tuwo, tana ɗauke da ɗanka? A Suratu Luƙman Allah ya siffanta halin uwa da "wahnan ala wahnin", rauni a kan rauni. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyar da shi ke wuyansa.

Wannan raunin yana da dalili da likitoci suka sani. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin wanda take da shi, don ya wadaci mutum biyu, kuma jini ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Ɗan da ke ciki ba ya jiran a ba shi, ɗibar rabonsa yake daga jikin uwa, ita a bar ta da abin da ya rage. Shi ya sa za ka ga ta ɗauko guga ɗaya tana haki, ta miƙe jiri ya kwashe ta, zuciya na bugawa. Jawo fatar idonta ta ƙasa ka duba, ka dubi tafin hannunta: in sun yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa. Wata har farar ƙasa take nema ta ci, mu ce kwaɗayin ciki ne, alhali sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Mu kuwa sai mu ce raki gare ta. Ranar haihuwa kowace mace na zubar da jini. Mai wadataccen jini ta jure ta tashi, wadda ta zo da ragowa kuma abin da ya zuba kaɗan ya isa ya kai ta ƙasa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a Maraɗi muke. Zogalen da ake nomawa a bakin Gulbi da Jiratawa har wasu garuruwa ake kai shi. Wake namu ne, gujiya tamu ce, ga riɗi, ga aya, ga kuka da rama da yakuwa, ga kifin Madarunfa, ga fara in lokacinta ya yi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan tumatir, a matsa lemun tsami, ya fi lemun kwalba da biskit ɗin da wasu ke ɗauka su ne gata. Shi tsamin ma aiki yake yi, don lemu da tumatir da gwaba suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Fura da nono mai yawa na ba ta abin gina ƙashi, sai dai madarar da aka tatso a tafasa ta kafin ta sha. Ƙwai a dafa shi ya nuna sosai. Nama ko yanka biyu ne, ya zama nata ne, ba romo kawai ba. Gishiri kuma a sayi mai sinadarin aidin, saboda yana taimaka wa ginuwar ƙwaƙwalwar yaro.

A gidaje da yawa abincin yana nan, rabon ne ya karkace. A zuba wa maigida da tsokar, a kai na baƙi zaure, a sallami yara, ita ta kankare ƙanzo. Kai kuma bayan isha'i ka tsaya wurin mai tsire ka ci na ɗari biyar a tsaye, ka goge baki ka shigo gida kamar ba a yi ba. Mala'iku dai sun rubuta. Ranar da ka tsaya, ka ce a naɗe maka rabi a takarda.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, akwai maganar da ya kamata a ajiye. Ana cewa kar mai ciki ta ci da yawa, kar ta sha ƙwayoyin ƙarin jini, wai ɗa zai yi ƙato haihuwa ta gagara. Cikin manyan abubuwan da ke kawo doguwar naƙuda akwai ƙugun da bai gama buɗewa ba, ko kwanciyar ɗa ba daidai ba. Hana ta abinci ba ya buɗa ƙugu, sai dai ya kawo uwa marar ƙarfin nishi da jinjirin da bai kai kilo 2 da rabi ba, mai saurin kamuwa da ciwo. Cikin manyan abubuwan da ke sa ɗa ya yi girma fiye da kima akwai ciwon sukari, kuma a wurin awo ake gano shi.

Ƴar uwa, ke ma da naki. Ƙwayoyin nan da ake ba ki a wurin awo kina tura su ƙarƙashin katifa, ƙarfe ne da wani bitamin mai suna folik asid, ɗaya kowace rana. Suna iya sa tashin zuciya, bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce. Ki sha bayan kin ci abinci ko za ki kwanta. Kar ki kora su da shayi, kuma ki raba shayi da lokacin cin abinci, don yana hana ƙarfen shiga jiki. Kunyar cikin fari da ke sa a ɓoye shi sai ya turo zane tana cutarwa, domin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗa a watan farko suke fara haɗuwa, lokacin da ya fi bukatar folik asid. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8. Can ne za a ba ki maganin rigakafin zazzaɓin sauro, don shi ma zazzaɓin jini yake sha, musamman da damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Ki kwana cikin sange. In kuma fuska da hannuwa suka kumbura, kai na sarawa, ido na gani dishi-dishi, wannan ya wuce maganar abinci kuma ba iska ba ce. Hawan jini ne mai iya kai wa ga jijjiga, a tafi likita a ranar.

Wani zai ce ai komai nufin Allah ne. Haka ne, ba ja. Amma Nana Maryam, naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino, Allah da ikonsa bai sa ƴaƴan sun zubo haka nan ba, ya ce ta girgiza kututturen, sannan ya ce ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Azumin Ramadan ma, rukuni guda, an yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame a kansa in suna tsoron cutuwa. Kuma a Buhari da Muslim, Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da za su haifa bisa sunna, ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen haihuwa. Amin.