Sai mun je Wagadugu za mu ga finafinan ƙasarmu?

Tun da na dawo daga Wagadugu a watan Maris na 2025 nake neman fim ɗaya tak da zan zauna da iyalina mu kalla a tsakar gida, har yau ban samu ba. Wallahi abin ya ishe ni, kuma ba zan ƙara haɗiye shi ba.

Wani horon aiki ne ya kai ni Burkina Faso, sai Allah ya sa ya zo daidai da bikin finafinan Afirka da ake kira FESPACO, wanda aka fara tun 1969, ake kuma yin sa duk bayan shekara biyu. Na 2025 shi ne karo na 29, an buɗe ranar 22 ga Fabrairu, aka rufe 1 ga Maris, Chadi ce babbar baƙuwa. Finafinai sama da 200 aka nuna cikin kwana takwas. Da an tashi daga horo nake hawa babur in tafi layin gidan silima na Ciné Burkina ko na Neerwaya, in tsaya cikin ƙura tare da ɗalibai da mata masu goyo. Wata rana in ga labarin wani uba a ƙauyen bakin teku a Somaliya yana fafutukar karatun ɗansa, kashegari in ga wata mace a Zambiya ta tsinci gawar kawunta a kan titi, makoki ya tono abin da dangi suka binne shekara da shekaru. Akwai na zane na yara, akwai na gaskiya da aka ɗauka a kasuwa da gona, akwai gajeru na ɗalibai. Wanda ya ci babbar kyauta, Dokin Yennenga na zinariya, shi ne Katanga na Dani Kouyaté, fim fari da baƙi a kan kwaɗayin mulki. Rabon da ɗan Burkina ya ci wannan kyauta tun 1997, don haka garin ya ɗauki murna. Ni kuwa ina zaune cikin duhun silima ina ta tunanin Inna da yarana a Dogon Dutsi, ina cewa a raina dole su ma su ga wannan.

Na dawo gida da sunayen finafinai a rubuce a bayan takardar horo. Na nufi shagon da ake tura fim a waya, kusa da tasha, na miƙa wa yaron takardar. Ya duba, ya juya ta, ya ce, "Malam, waɗannan na ina ne?" Na ce na Afirka ne, ɗana. Ya ce, "Akwai Indiya fassara sabuwa, akwai na Turkiyya mai dogon zango, akwai na China na duka. Wanne zan sa maka?" Ya juyo mini da kwamfutarsa, finafinai fal, ya ce sun fi dubu. Na sa ya bincika suna bayan suna. Babu ko ɗaya. Shago huɗu na shiga a garinmu, da na je Yamai na ƙara uku, amsar ɗaya ce. Ban ga laifin yaran ba, abin da aka ba su suke sayarwa. Manyan da ke kawo kayan su nake tuhuma.

Sai na ce to bari in bi ta intanet, tunda an ce komai na can. Na sayi data ta sefa 2,000. Na samu ɗaya daga cikin finafinan a wani dandalin ƙasar waje da ake biya, na yi rajista, na cike duk abin da suka nema, a ƙarshe rubutu ya fito cewa ba a nuna shi a ƙasarku. Fim na Afirka, 'yan wasan baƙaƙe irina, mutumin Faransa yana kwance a gadonsa yana kallo, ni da ke Afirka an rufe mini ƙofa! Na gwada wani dandalin, ya ƙi karɓar katin bankina. Na samu tallan fim ɗin na minti biyu, yana tafiya yana tsayawa, kafin ya ƙare data ta ƙare, wuta ma ta ɗauke. 'Yata ta fari da ta shimfiɗa tabarma ta jera ƙannenta tun bayan isha'i ta tashi ta naɗe tabarmar ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi komai ƙona mini rai.

Abin da ya fi ciwo shi ne mu 'yan Nijar muna da hannu sosai a tarihin wannan biki. Wanda ya fara cin Dokin Yennenga a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Sunansa na nan a kan babbar cibiyar al'adu a Yamai, amma tara matasa ɗari ka tambaye su wa ya taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya. Moustapha Alassane, da ya yi zamansa a Tawa, ya fara zana finafinan kwaɗi masu motsi tun shekarun 1960, yaranmu kuwa ba su san zane ba sai na ƙasashen waje. A 1987 fim ɗin da ya ci kyautar shi ne Sarraounia na Med Hondo, daga littafin Abdoulaye Mamani, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Lugu tana nan ƙasar Arewa, a ƙofar gidanmu. Inna tun muna yara take ba mu labarin Sarauniya da dare, yadda kakanninta suka ba ta. An yi fim a kanta, ya ci kyautar Afirka gaba ɗaya, shekara kusan 40 ke nan, Inna ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ko na kwanan nan, Aïcha Macky 'yar Damagaram ta yi fim a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa suke magana a ciki, ya zaga bukukuwan Turai. Shi ma na nema a shagunan nan bakwai, babu.

Kada wani ya ce mini mutane ba sa so. Yaushe aka ba su suka ƙi? Fim ɗin Indiya na fitowa, kafin ka ce kwabo an ɗora masa muryar Hausa a Kano ya iso wayar mai shayi. Ashe gwanintar fassara muna da ita. Me zai hana a zauna da masu finafinan Mali da Senegal da Somaliya, a biya su haƙƙinsu, a sa wa aikinsu Hausa? Tsohuwa irin Inna ba ta karanta rubutun Faransanci da ke gudu a ƙasan allo, amma da ta ji da Hausa da ta gane matar Zambiyar nan sarai, don irin wannan rufa-rufar dangi ta gan ta da idonta.

Gidajen talabijin kuma su ne suka fi ba ni haushi. Kowane dare sai wasan soyayyar ƙasashen waje mai kashi ɗari biyu, an maimaita, an sake maimaitawa. Na rubuta wa wata tasha takarda da hannuna, na kai da ƙafata, na roƙi su ware dare ɗaya a mako don fim ɗin Afirka, har sunayen na lissafa musu. Mutumin da ya karɓa ya ce, "To Malam, za a duba," ya ɗora ta a kan tulin takardu, ya aza kofin shayinsa a kai tun ban fita ba. Na koma sau biyu, ana ce mini shugaban sashen ya yi tafiya.

Jiya da dare Inna ta sake tambayata, "Wai ina majigin Sarauniyar da ka ce za ka kawo mini?" Na ce ana nan ana nema, Inna. Ta ce, "To ka hanzarta, idanun nan ba kamar da ba ne." Ranar Litinin zan sake hawa mota zuwa Yamai da sabuwar takarda, kuma wannan karon ba zan bar ofishin ba sai na ga shugaban sashen ido da ido.